Kawu, Na Sake Zuwa Zaɓen Babur

Assalamu alaikum. Zuwa ga Kawuna Malam Haruna, mai gyaran injin niƙa da babura a kasuwar Yankara. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ɗa ga ubansa, ina rubuto maka ne daga makarantarmu ta Ruwan Godiya, shekara biyu bayan mun kai ka makwancinka.

Kawu, jiya na koma Funtuwa zaɓen sabon babur. Sai da na tsaya a ƙofar kantin na daɗe kafin na iya shiga.

Ka tuna shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowane malamin makaranta ya zama mai babur? Ka san a gidanmu ba a sayen abin hawa, ko jaki ne, sai an tafi da babba ya duba ya sa albarka. Ka shirya tun asuba. Ni kuwa na bi ta bayan gari na hau mota, don ina jin kunyar mai kanti ya gan ni da mai riga duk baƙin mai. Wai ni mai ilimi.

Babura biyu aka nuna mani. Ɗaya baƙi ne, mummuna, sarƙarsa a rufe cikin gida na ƙarfe, kulocinsa da tauri. Ɗayan ja ne mai sheƙi, sarƙarsa a waje, kulocinsa da laushi har yatsa ɗaya ke matsa shi. Na karanta takardar Turancin da ta zo da jan, na ga ta cika da yabo, na ɗauko shi.

Da na kawo shi gida, ba ka yi fushi ba. Ka tsuguna, ka matsa kulocin sau biyu, ka ɗaga sarƙar da yatsa, ka ce, “Malam ƙarami, wanga na kwalta ne. Mu ko yashi gare mu.” Na yi dariya. Har yau ina jin wannan dariya a kunnena, kuma na tsane ta.

Da kaka, da hantsi, kububuwa ta sare ka a gonar dawa. Na goya ka, aka ɗaure ka da rawani a bayana, muka nufi asibitin Ƙanƙara. Da muka shiga yashin gulbi, tayar baya ta nutse. Na riƙe kuloci rabi da rabi ina murɗa wuta. Kai da jini ke fita daga dasashinka, kai ne ka ce a kunnena, “Saki shi, kana ƙona shi.” Kafin ka rufe baki warin ƙuna ya taso. Inji na ruri, taya ba ta motsi.

A amalanken shanu muka ƙarasa. Ba ka kai la'asar ba.

Mutane suna ce mani kwana ne ya ƙare. Na yarda, Kawu. Amma farantan kulocin nan wata huɗu na yi ina nema, babu a Yankara, babu a Faskari, sai wai a Kaduna. Babur ɗin yana nan a zaure, kaji na kwana a kansa.

To jiya na yi abin da da kai ne za ka yi. Na ce wa mai kanti ba zan saya ba sai na ɗora buhun dawa na ratsa yashi. Ya ce shi bai taɓa ganin malamin boko mai ƙauyanci irina ba. Na ɗora wa irin baƙin nan buhu, na ratsa, na sauka na sansana injin. Babu wari. Da ma na tambayi almajiran sana'arka a Yankara, suka ce kayansa har a faifai ake bazawa ranar kasuwa.

Baƙin na ɗauka, Kawu. Wanda da na tafi da kai tun farko shi za ka nuna.

Ban hau shi na shiga gari ba. Turo shi na yi har ƙofar rumfarka, na jingine, na tsaya. Babu mai tsugunawa ya taɓa sarƙar.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka. Ni ma ka yafe mani safiyar da na bar ka a tsaye da hularka ta zuwa unguwa.

Naka, ɗan ƙanwarka,
Malam ƙarami.