Na Kira Ɗanlami

Daura, daren Talata.

Yau na yi abin kunya a shago. Bayan la'asar Alhaji Mamman ya zo karɓar talabijin ɗinsa, na kunna don ya ga ta gyaru. Sai ga tsohon fim ɗin Turawa, baƙi da fari, irin waɗanda na yi ta haskawa a silima a Gusau kafin a rufe ta. Ban ga laifin masu rufewar ba, an sha yin ashsha a ciki. Sai dai ba wanda ya tambayi inda za mu nufa.

Muna kallo sai ɗan ɗigon nan ya ɓulla a saman hoton, alamar faifan fim ya kusa ƙarewa, sai a tada inji na biyu ya karɓa. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba: "Ɗanlami, tada injinka!"

Alhaji ya waiga. "Malam Sani, mu biyu ne fa a nan. Ko kana da mutanen ɓoye ne?"

Na ce suɓutar baki ce. A garin nan mai gyaran rediyo aka san ni, har limanci nake yi idan liman ya yi tafiya. Yaya zan ce masa ni ɗan silima ne, kuma abokin aikin da na kira ɗin, da hannuna na sa shi a kabari?

Abin da ya hana ni barci, hoton bai katse ba. Faifai na gaba ya shiga daidai, ko ƙiftawa babu, yadda Ɗanlami kaɗai ya iya.