Layar da Ba Ta da Ɗinki

Zuwa ga Hajiya, uwargidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah Ya kai haske makwancinki, ina rubuto miki ne a kan ɗanki Abba, da kuma abin nan da kika adana mini a ƙaramar kwallarki shekara da shekaru. Na san ba za ki karanta ba. Mutanen Faskari ne za su karanta, kuma da gangan na bar musu ƙofa a buɗe, domin da yawancinsu nake.

Kin tuna lokacin da ma'aikatar kifi ta tura ni kwas ƙasar Turawa, na bar ki da juna biyu. A cikin darussanmu akwai nutso a teku. Aka sa mini rigar roba, aka ɗaura mini tukunyar iska a baya, da tabarau, da takalmi mai faɗi kamar ƙafar agwagwa. Ni da na koyi iyo a kududdufin bayan gari, sai ga ni a ruwan da sanyinsa ke shiga har haƙori.

A can ƙasa, tsakanin duwatsu, malaminmu ya nuna mini wasu 'yan jakunkuna baƙaƙe, kowace ba ta kai tafin hannu ba. Ƙwan wani kifi ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, mai doguwar wutsiya. Ba mu da sunansa a Hausa, domin ba ya shigowa kogi. Malamin ya ɗaga guda a hankali, ya haska tocila ta bayanta. Sai na ga ɗan kifin a ciki, yana kaɗa wutsiya. Uwar ta ajiye shi ta tafi, shi kuwa yana nan a rufe har lokacin fitarsa. Ban taɓa faɗa miki ba, saboda irin tarbiyyarmu, amma ke na tuna a wurin, da abin da kike ɗauke da shi.

Na ɗauko guda wadda ɗan ya riga ya fita, da izinin malamin, domin ni ba na ɗaukar abin da ba a ba ni ba. Da na dawo kika jujjuya ta kika ce, "Kowa ya je Turai ya dawo da rediyo, namu ya dawo da ɓawon ƙwai." Duk da haka kika naɗe ta a auduga, kika tsare ta daga gara har ƙarshen ranki.

Bayan rasuwarki, ƙannenki mata suka zo daga Mabai rabon kayan ɗaki, suka buɗe kwallar. Kafin a yi addu'ar arba'in labari ya kai kasuwa cewa Alhaji yana da laya daga ƙarƙashin teku. Ban musa ba, tana kama da laya: baƙa ce, kusurwa huɗu, kowace kusurwa da ɗan ƙaho kamar an tanadi wurin ɗaura zare. Amma bunsuru ma yana da gemu, ba a taɓa ba shi limanci ba.

Abba ya roƙe ni in ba shi, ya ce don tunawa da ke. Na ba shi da farin ciki. Ashe wurin Gagarau ya kai ta, mai tallar maganin bindigar nan da ke yawo da lasifika daga kasuwar Ƙanƙara zuwa tamu, wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa. Gagarau ya shinshina ta, ya kai wa dukawa su nemo ɗinki. Kin san yadda ake gane laya a nan, ta ɗinkinta, har a faɗi badukun da ya yi. Suka duba, babu ko hudar basilla ɗaya. Nan take ya yanke hukunci: abin da ba shi da ɗinki ba hannun mutum ya yi shi ba, aikin mutanen ruwa ne, kuma wanda ya ɗaura, ƙarfe ba ya shigarsa. Hujjarsa ita ce da ita na zauna a ƙarƙashin teku ban mutu ba.

Da a ce talakawan da tsoro ya gigita ne kawai suka yarda, da na yi musu uzuri. To har tsohon shugaban makarantar sakandare, mai digiri biyu, ya zo zaurena ya sassauta murya, wai in ɗan sam masa ko da ƙaho ɗaya. Na ɗauko alli na zana masa kifin, da ƙwan, da yadda ɗan ke fita. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Na gane, Alhaji, irin wannan ba a faɗa." Wannan mutum ya shekara talatin yana koyar da 'ya'yan mutane. Ban yi mamakin halin da muke ciki ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Gonarmu ta hanyar Sabuwa, wadda ɓarayin daji suka sa muka bari, bana Abba ya noma ta, masara ta yi kyau har ta bushe. Surukarki Hauwa ta zo ta durƙusa a gabana, ta ce mijinta ya ɗaura abin a damtse, kuma ya yi wa abokan girbinsa alkawari: in babura suka fito, su su gudu, shi zai tsaya ya tare. Magidanci mai 'ya'ya, Hajiya, furfura ta fara fito masa, zai tsaya gaban bindiga da ɓawon ƙwai.

Na aika aka kira su ƙofar gida bayan La'asar, shi da Gagarau, jama'a kuwa suka zo ba gayya. Na ce wa Gagarau tunda ya tabbata, ya ɗaura, ga maharbi nan ya gwada. Ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ta aiki sai a jinin gidanku." Kin ji wayon maƙaryaci. Maganinsa kullum a jikin ɗan wani ake gwada shi.

Ɗanki kuma, kansa a sunkuye, ya ce, "Baba, kai ka tahi ƙarƙashin teku da ita ka hito da rai. Ni don me za ka hana ni?"

Na ce masa tukunyar ƙarfe ce ta rayar da ni, da ikon Allah, kuma a jikinta akwai agogo mai allura da ke nuna sauran iska. Darasin farko da aka koya mana shi ne duban allurar nan. In ta sauka, ko zinariya ka gani a gabanka, ka bar ta ka hau sama. Masu taurin kai, malaminmu ya ce, su ake tsamowa. Abba bai ɗago ba. Na ga dai magana ba za ta shige shi ba.

Sai na ce ya kwance ya ba ni. Bai taɓa ƙin umarnina a gaban mutane ba, wannan tarbiyyarki ce. Na shiga ɗakinki na ɗauko almakashinki na ɗinki. Kusan shekara hamsin kina tsaron abin nan, kuma a duk abin da na gani a duniya, shi kaɗai na kawo gida. Na raba shi biyu, na zazzage a tafin hannuna. Babu rubutu, babu saiwa, sai ɗan yashi da bai kai gishirin miya ba.

Na kakkaɓe hannu. Kin san abin da suka yi? Suka durƙusa suna tsintar yashin. Mai digiri biyu har da shimfiɗa hankici.

Abba ya tashi ya tafi ba sallama, ya daina zuwa gaishe ni da safe. Na jure.

Shi da abokansa suka tafi girbi. Ana tsakar aiki, rana ta take, aka ji ƙarar babura daga daji. Ɗanki ya yar da buhu ya gudu, Hajiya. Ya ja wani dattijo da ƙafa ta gaza, suka bi ta kwari, ya bar fiye da rabin masarar ga ɓarayi. Masu ɗaure da gurun Gagarau sun riga shi isowa gari, amma su ba wanda ya yi wa dariya. Yanzu a majalisa ana cewa ni na jawo asarar, da ban yanka layar ba da Abba ya tare su shi kaɗai. Gagarau kuwa ya fara sayar da yashin teku a ƙulli-ƙulli, alhali daga rafin bayan gari yake ɗebowa. Su saya. Wanda ya ga ciki da idonsa bai yarda ba, ba ni da sauran alli da zan zana masa.

Jiya Abba ya zo zaure. Ƙafafunsa duk karcen ƙaya, ya rame. Ya gaishe ni, ya zauna. Da zai tashi ya ce, "Baba, allura na ga ta sauka." Na ce masa ya yi daidai. Na so in ƙara wani abu, harshena ya ƙi. Ke ce kika iya irin wannan.

Na mayar da ɓarin biyu cikin kwallarki, a audugar da kika naɗe. Ki yafe mini ɓarnar da na yi miki. Masara za ta yi mana ƙaranci bana, amma wanda kike ɗauke da shi ranar da na ga ɗan kifin nan, yana nan, yana cin tuwo da 'ya'yansa.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya tsare mana zuriya, Ya kawo ƙarshen wannan fitina, Ya ba mutanen garin nan hankali ko da kaɗan ne. Ya kyautata namu zuwan, Ya haɗa mu inda babu gudu.

Wassalam.

Maigidanki,
Baban Abba
Faskari