Wutsiyar Fim ɗin da Na Ɗauke Ka a Guri

Zuwa ga Malam Bukar,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Hannuna ya so ya wuce ya rubuta da fatan kana lafiya, kamar yadda ya saba, sai na tsayar da shi. Na san ba za ka karanta takardar nan ba, ba gidan wayar da zai kai ta inda kake. Amma shekara guda ke nan ina yawo da wata magana a baki, kai kaɗai ne ya kamata ka ji ta, kai ne kuma ka tafi.

Daga Haɗeja nake rubuto maka, garinku. Na sauka daga jirgin ƙasa a Malam Madori ranar Talata, na biyo motar majigi muka shigo. Ruwa ya janye daga fadama, an gama yankan shinkafa, masu alkama har sun kafa jigon ban ruwa. Bandar kifi ta cika kasuwa. Hajara matarka ta fita takaba, ta koma gidan iyayenta a Birniwa. Ɗakinka na Kaduna an ba wani malamin ofis, kyamararka kuwa ni aka ba. Ban roƙa ba, ban kuma ƙi ba.

Fim ɗin noman fadama da muka ɗauka bara, an gama haɗa shi. Shi muka kawo. An nuna shi a fili bayan magariba, jama'a ta yi dafifi, wasu har kan bango. Ka tuna masuntan nan da ke kwance a kan gora suna tura koma, waɗanda ka yi safiya uku a cikin ruwa har gwiwa kana jiran rana ta faɗo musu daidai? Da suka bayyana, fili ya yi tsit, mai fassara ma ya manta da bakinsa. Kana son ka san sunan wa aka rubuta a farkon fim ɗin? Na Mai Lofe, Baturen namu, wanda duk kwana ukun nan yana gidan saukar baƙi yana fama da ciwon ciki. Naka babu, nawa babu. An ce a Ikko har yaba masa aka yi kan yadda fuskokin mutane suka fito tas. Ya karɓi yabo ya tafi hutu ƙasarsu. Ranar jana'izarka ko ƙofar maƙabarta bai leƙo ba.

Na ji haushin wannan ƙwarai. Sai dai ba ni da bakin zaginsa, don abin da na yi maka ya fi nasa muni.

Shekara shida muna aiki tare, kai da kyamararka, ni da tawa, amma kowa ya san wane ne babba. Kai ka fara zaunar da ni a benci a sinima a Kano, ka hana ni kallo. Ina so in ga wa ya kashe wa, kai kana zungurata da gwiwar hannu, wai in duba ta ina haske ya shigo ɗakin, wai in lura mai ɗauka ya durƙusa ne ko yana tsaye. Mu fito, in tambaye ka labarin fim, ba ka sani ba. Kai dai ka ga wata taga. Na sha ce maka Babarbare bai iya kallo ba, ka ce Bafillace in ba saniya ya gani a allo ba, bai ga komai ba.

Ban manta da ko ɗaya daga cikin abin da ka koya mini ba. A wana kyamara ta cika kamar agogo kafin kowace ɗauka, kada ta mutu a tsakiyar abu. A ƙirga goma a zuci kafin a ɗaga yatsa. Kada a riƙa yawo da ita hagu da dama kamar mai neman akuyarsa a kasuwa. In mutum na zaune, a sauko daidai idonsa, ba a ɗaukar dattijo daga sama. Amma wadda ka fi nanatawa ita ce maganar takardar nan da aka liƙa a murfin akwatin kyamara, mai nuna lambar da za a sa idon kyamara a kai: in rana ta take, lamba kaza, in da gajimare, lamba kaza. Ka ce wanda ya rubuta ta bai taɓa ɗaukar baƙin mutum ba. Ka ce an auna ta da fatarsu ne, mu in aka bi ta sai mu fito kamar gawayi, ido da haƙori kawai. Don haka kullum ka kan ƙara buɗe idon taki ɗaya, a kan ruwa kuwa taki biyu, don ruwa yana ƙyalli ya ruɗi mai ɗauka, ya tsuke ido, fuska ta ɓace. Kana yawo da farin ƙyalle a jaka, ka ba wani ya riƙe ya mayar da haske kan fuska. Abin da aka yaba wa Mai Lofe ke nan a Ikko.

To, ka tuna ranarmu ta ƙarshe a Guri? Da safe ina ɗaukar masu yankan shinkafa a cikin ruwa, Mai Lofe na tsaye a kaina, ya warke. Na sa ido a lamba goma sha shida kamar yadda takarda ta ce, don na san ita yake bi, kuma a lokacin ana maganar za a tura mutum ɗaya Ikko ƙarin koyo, ina so ya zama ni. Sai ka miƙo hannu ta kafaɗata, ka juya zoben idon kyamarar, ko kallona ba ka yi ba. A gabansa. Shi ban ma tabbata ya lura ba. Ni dai ji na yi kamar ka mare ni a kasuwa. Na haɗiye, na ci gaba da aiki.

Da la'asar muna dawowa cikin kwale-kwale, saura ɗan guntun fim a kyamarata, wanda bai isa a ɗauki komai ba, abin da muke kira wutsiya. Ka san al'adarmu, wutsiya ta masu ɗauka ce. Da ita muke ɗaukar junanmu, in an wanko fim a yanke a ba mu. Ni ka ɗauke ni ya fi sau goma, ina da su cike da gwangwani. Kai kuwa kullum sai ka ƙi, ka ce mai ɗauka a baya yake tsayawa. Ranar nan ban san me ya shiga ranka ba. Ka miƙe tsaye a gaban kwale-kwalen, ka gyara hula, ka ce in ɗauke ka, ka kai wa Inna ta ga ɗanta a majigi ko sau ɗaya, tunda ta gaji da jin ana cewa ɗanta na aikin majigi ba ta taɓa ganinsa a ciki ba. Rana na bayanka, ruwa na walƙiya ko'ina. Ka ce mini, Buba, buɗe mata ido sosai.

Malam Bukar, na kai hannu kan zoben, na yi kamar na juya. Ban juya ba. Na bar shi a goma sha shida, inda na mayar da shi bayan aikin safe, ina sane. Na ce a raina yau dai zan bi takarda, in an wanko ya yi kyau in nuna maka ba kai kaɗai ka iya ba, in kuma ya ɓaci, wutsiya ce, a sake wata. Na danna, na ƙirga goma, kana dariya kana ɗaga wa Inna hannu. Fim ya ƙare.

Wa ya gaya mini akwai wata? Ina na samo wannan tabbacin? Mun koma Kaduna, ko wata biyu ba a yi ba ciwon shawara ya kwantar da kai. Na yi jinyarka kwana tara. Sau biyu ka tambaye ni ko wanki ya dawo daga Ikko, na ce tukuna. A nan ne ya kamata in faɗa maka. Ina riƙe da ƙwaryar ruwa a bakinka, maganar na nan a maƙogwarona, na ce bari ka ji sauƙi. Aka binne ka a Kaduna, Inna ba ta ga ko makararka ba.

Da wankin ya iso na ɗaga wutsiyar a hasken taga. Ruwa ya fito kyakkyawa, har ganyen bado ana ƙirgawa, goruba ta can nesa ma ta fito. A tsakiya ga wani baƙin abu a tsaye mai siffar mutum, yana ɗaga hannu. Ba ido, ba hanci, ko haƙorin da ka ce yana fita bai fita ba. Ka yi gaskiya. Na bincike gwangwanayen ofis kaf, ko ka gifta a wani wuri bisa kuskure. Shekara goma sha ɗaya kana ɗaukar mutane, daga Sakkwato har bakin Tafkin Cadi, babu fuskarka a ko ɗaya.

Na yi niyyar kada in je gidanku. Amma ashe ka riga ka gaya wa Inna tun kafin mu bar Haɗeja cewa an ɗauke ka. Ranar da aka nuna fim a fili, sai da ta sa aka riƙo hannunta aka kawo ta, ta zauna a gaba cikin mata har aka gama, ba ta gan ka ba. Washegari ta aiko a kira ni. Na same ta a zaure, ta rame, yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta kira ni ɗana. Ta ce ba ta neman komai na kayanka, ba ta son kyamara ba ta son riga, ita dai a nuna mata fuskarka sau ɗaya kafin idon ya gama tafiya. Me zan ce mata? In ce ya ɓace? Na ɗan yi tunanin haka, wallahi na yi. Sai na ji bakina yana cewa yana nan.

Jiya da hantsi na roƙi direban majigi, ya kawo mota ƙofar gida ya ta da inji. Muka toshe ƙofar zaure da tabarmi, muka rataya farin zane a bango. Na liƙa bakin wutsiyar da ƙarshenta don ta yi ta zagayawa. Inna ta matso har ta kusa taɓa zanen. Ga ruwa, ga bado, ga baƙin abu yana ɗaga hannu. Ya wuce, ya dawo, ya wuce, ya dawo. Ta murza ido da gefen mayafi, ta ƙara matsowa. Ina tsaye a bayanta, na shirya, na ce in ta tambaya me ya sa haka, zan faɗa mata gaskiya ko da za ta tsine mini.

Ba ta tambaya ba. Cewa ta yi idon nan nata ya cuce ta, ya rasa ranar da zai ƙi aiki sai yau. Ta ce ga ruwa tana gani, ga kwale-kwale, amma fuskar ɗanta ta gagare ta. Ta ce laifinta ne, tun bara aka ce ta je a duba mata ta yi ta wasa. Sannan ta laluba ta kamo hannuna, ta ce ni da nake da ido in gaya mata, dariya kake yi?

Na ce dariya kake yi. Ta ce hular fa? Na ce zannar nan ce mai ruwan ƙasa, ka karkato ta gefen dama. Ta ce ka rame? Na ce a'a, kumatunka a cike. Haka na tsaya ina kallon baƙar inuwa ina karanto mata fuskarka daga kaina, har tabon da ke gefen girarka. Direba na tsugune wajen na'ura, yana ganin abin da nake gani, ya sunkuyar da kai. Da muka fito bai kalle ni ba, har yanzu kuma bai yi mini magana ba.

Ka san me ta yi daga ƙarshe? Ta dafa kaina ta yi ta sa mini albarka. Ta ce Allah ya ba ni masu yi mini kamar yadda na yi wa ɗanta. Na ce amin, Malam Bukar. Da bakina na ce amin.

Sau biyu ke nan na samu damar faɗar gaskiya, sau biyu ina tsoron a ga ƙanƙantata. An ce ni za a tura Ikko bayan salla. Za su ce na iya fitar da fuska, kuma na iya, da hannunka nake yi. Ita kuwa tana can zaure tana jin haushin idonta a kan abin da ni na yi da gangan. Gobe jirgi zai tashi da azahar. Tun asuba nake cewa zan biya in gaya mata kafin in wuce, na kuma san halina, ban tabbata ƙafata za ta kai ni ba.

Ban ce ka yafe mini ba, don ba ka nan balle ka ƙi. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Sai mun zo.

Abokin aikinka da ya ƙi jin maganarka,
Buba