Zabibin Tsuntsuwa

Litinin, 3 ga Maris

Yau na fara aiki a sabon gida. Hawa na uku, ɗaki biyu, labule ruwan ɗorawa da ke sa falon ya zama kamar kullum la'asar ce. Yarinyar shekararta shida, tana da lalurar galahanga, kalmominta ba su kai goma ba. Tsuntsuwa suke ce mata, don in ta ji daɗi sai ta yi ta kaɗa hannuwa. Babanta direban bas ne, shi ke mana fassara in yana gida. Kakarta ba ta jin yarena, ni ma ba na jin nata. Baƙi ne a garin.

Makaranta ta ce sai ta iya zaman minti goma a kujera za su ɗauke ta. Wata guda gare ni in miƙa rahoto. In ta rasa, sai baɗi.

Laraba, 5 ga Maris

Zabibi take so. Ta zauna, in ba ta ɗaya. Shekara tara ina aikin gyaran ɗabi'ar yara, wannan ko daga barci aka tashe ni zan iya.

Litinin, 10 ga Maris

Da na sa mata zabibi a hannu sai ta miƙe ta nufi ɗakin kakar. Sau goma sha huɗu yau. Na rubuta: tana gudun aiki.

Tsohuwar tana wata waƙa can ciki, ƙasa-ƙasa, ba farko ba ƙarshe. Na saki baki ina saurare har na manta da agogo. Ban san me take cewa ba, amma sai na ga kogi da mata suna shanya a bakinsa. Ni da ban taɓa zama kusa da kogi ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Shugabata ta ce in tare hanya. Na kafa kujerata a bakin ƙofar. Kuka minti ashirin, hannu a dunƙule, zabibin ya dame ba ta ci ba. Kakar ta fito ta tsaya a kaina ta faɗi kalma biyu. Wannan kam ba sai an fassara min ba.

Asabar, 15 ga Maris

Mafarki: ina cikin bas, kujerun suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna fita ta taga, ni kuma ina ƙirga su da biro.

Talata, 18 ga Maris

Baban ya tare ni a matakala, yana sosa ƙeya. "Malama, ki yi haƙuri, tsohuwata ta ce a dakata haka. Wai kina koya wa jikarta rowa."

Ni? Rowa?

Ashe a gidansu ba mai kai abu baki sai ya fara miƙa wa babba. Shekara biyu kakar ta yi tana koya mata. "Shi kaɗai ne abin da ta taɓa ɗauka daga hannunmu," in ji shi. Duk tashin nan da nake ƙirgawa, rabon kakarta take kai mata.

Na ce me ya hana su faɗa min. Ya ce, "Ba ki tambaya ba, Malama. Takardarki har nauyinta na ranar haihuwa ta tambaya."

Kunya kamar ƙasa ta tsage. Na roƙi mako biyu.

Alhamis, 20 ga Maris

Na bar jaka a falo, na zauna a ƙasa bakin ƙofarta, na ce, "Sannu, Kaka." Ta shanya ni rabin awa tana tsefe wani tsohon ɗinki. Na cancanta. Daga baya ta fito da matashinta ta zauna gefen teburin, ko kallona ba ta yi ba. Yanzu zabibi biyu-biyu nake bayarwa.

Laraba, 26 ga Maris

Minti bakwai, Kaka na gefe. Amma a aji ba Kaka. Na kasa gano mafita, sai ga tsohuwar ta juye maɓallan da ke wani ɗan gwangwani, ta ajiye shi gaban yarinyar, ta nuna ƙirjinta. Rabonta a zuba a ciki, a kai mata in an tashi. Ni da takardun shaidata ina zaune ina kallo.

Litinin, 31 ga Maris

Minti goma sha ɗaya. Kaka a ɗaki tana waƙarta, gwangwani a tebur. Na tura rahoto.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Sun ɗauke ta. Baban ya kira daga cikin bas, ina jin fasinjoji suna masa ƙorafi.

Yau zamanmu na ƙarshe. Wajen minti na tara ta miƙe. Hannuna ya riga ni kai wa biro. Sai ta zagayo teburin, ta buɗe min yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta sa min zabibi, ɗumi-ɗumi, ya ɗan dame. Ta tsaya sai da ta ga na tauna.

Na rubuta gaskiya: ta tashi sau ɗaya. A wajen dalili, takardar gurbi huɗu gare ta, ba wanda ya dace. Na ja layi a ƙasa na rubuta "kyauta".

Rubutun ya ɗan karkace. Mura ce nake jin tana son kama ni, shi ya sa idon ke ruwa.