Taya Huɗu, Igiya Ɗaya

Anaca,
27 ga Maris, 1961.

Zuwa ga Yayata Baiwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, da Inna, da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata man zafin da na aiko shafawa ake yi, ba ɓoyewa a adaka ba. An yi salla lafiya? Allah ya maimaita mana.

Yaya, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. Kin tuna tarkacen ƙarafan da na ce miki maigidana Kofur yana tarawa a bayan gida tun bara? To, sun zama mota. Shi dai haka yake kiran abin. Kin san tun da ya dawo daga yaƙin Bama, inda ya yi gyaran motocin soja, ko ƙusa ya gani a hanya sai ya tsince ta. Injin na wata mota ce da ta zame daga jirgin fito ta faɗa Kwara, masunta suka tsamo. Tayoyin gaba ba su haɗa dangi da na baya ba. Bodin na katako ne, wani kafinta da ke yi wa 'yan coci akwatin gawa ya haɗa, kuma wallahi hannunsa ya nuna. Kujerar baya kuwa gadona ne na ƙarfe, wanda Inna ta yi mini na aure. Na je barka na dawo, na tarar an yanke masa ƙafafu.

Duk wannan na shanye. Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Maikuɗi, dillalin goron nan mai baki kamar reza, ya ce a gaban jama'a in har gwamnati ta ba wannan akurkin lamba, shi ma zai kai turmin gidansa a yi masa lasin. Aka fashe da dariya. Mutumin naki ya miƙe, jijiyar wuya ta tashi, ya ce in Liman ya yanka ragon layya bana motar nan ba ta da lamba, to a bakin aurensa.

Kin san inda muka kwana. Igiyar farko ta tafi a kan gardamar ganin wata. Ta biyu a kan wani ɗan dambe da ya rantse ba mai iya kai shi ƙasa. Saura ɗaya tak. Liman ya yi masa faɗa kamar zai dake shi, amma ya ce magana ta riga ta fita, kuma sai ya ga lambar da idonsa kafin ya ɗora wuƙa.

Kofur ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Na yi kwana biyu ko kallonsa ban yi ba. A na uku na ɗauki tsumma na je na goge gilashin motar. Ya zan yi? Kishiya ce da in ta faɗi, tare za mu faɗi.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. A gaishe da kowa.

Taki ƙanwa,
Haulatu.

Inugu,
19 ga Afrilu, 1961.

Yaya Baiwa,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Ina fata duk kuna lafiya, kuma zazzaɓin Ramlatu ya sauka. Mu ma lafiya, sai dai ƙashin bayana da ke ta ƙorafi.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga Inugu. Mai duba motoci na Anaca ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya sake zagayawa, sannan ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, sai babban ofis. Na bar yara wurin maƙwabciyata Tabawa na biyo Kofur, don na ga in na sake shi da bakin nan nasa, har auren maƙwabta sai ya rantse da shi. Muna sauke a Abakpa, gidan Manu mahauci, abokinsa tun na soja.

Motar tana tafiya, ban hana ta ba. Sai dai ƙararta kamar ana casar gero a cikin gwangwani, kuma kowane ƙauye muka ratsa sai mata su ɗora hannu a ka suna kuka, sun ɗauka gawa muka ɗauko. Wata tsohuwa har ta jefo mana ayaba ta ta'aziyya.

Babban mai dubawar sunansa Mista Udeze, gajere ne, da gajeren wando fari da doguwar safa da hular kwano. Ba ya dariya. Manu ya ba da shawara a kai masa cinyar sa, aka kai, ya mayar da ita da ɗan aike, ya ce a gode, shi birki yake dubawa ba nama ba. Tun daga nan na fara ganin girmansa, na kuma fara jin tsoro.

Ya tambayi wane kamfani ya ƙera ta. Kofur ya ƙame ya sara masa, ya ce ga kamfanin nan tsaye. Mista Udeze ya ce a danna ham, Kofur ya kaɗa ƙararrawar keke. Ya ce ina abin share ruwan sama daga gilashi, Kofur ya nuna ni da tsummana. Ya ce a ja da baya. Nan fa aka yi cirko-cirko, ashe motar ba ta da ribas, ni ma sai ranar na sani. Kofur ya ce da Turancinsa na bariki, soja ba ya ja da baya. Mista Udeze ya ce wannan a Bama ne, a Inugu yana ja.

Ya zayyana abubuwan da za a gyara. Waɗannan ba su dame ni ba, don mutumin naki in dai ƙarfe ne yana jin maganarsa. Abin da ya tsaya mana a wuya shi ne injin. A takardun gwamnati, wai injin nan har yau yana ƙasan Kwara, ya mutu an gama da shi. Sai mun je Fatakwal, wurin kamfanin inshorar da ya rubuta mutuwarsa, su yarda ya tashi.

Ki sa Malam ya taya mu da addu'a, amma ki ce masa wata buƙata ce kawai. Kunya ba za ta bar ni a ce mota ba.

Taki,
Haulatu.

Fatakwal,
11 ga Mayu, 1961.

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, takardarki ta same ni a gidan Manu ana gobe za mu hau jirgin ƙasa. Ashe kin gaya wa Inna. Na yafe miki, na san cikinki ba ya riƙe magana. Amma abin da kika ce, wai in bar igiyar ta tsinke in huta, Allah ya kawo mai hankali, wannan ya tsaya mini a rai har muka iso.

Yaya, mai hankali nawa muka gani? Mutumin nan wawan baki ne, na yarda. Amma shekarar da na yi ciwon da aka fid da rai da ni, shi ya goya ni a baya har asibitin mishan, maza na kallo, bai ji kunya ba. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Kwanakin nan duk ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. In ya ɗauka ba na ganinsa sai ya tsura mini ido kamar wanda zai yi tafiya mai nisa. Ni ba na son hutun da babu shi a ciki. Na faɗa miki, kuma wannan ma na san za ki kai wa Inna.

Fatakwal ruwa ne sama da ƙasa. Mun yi ta zarya a kamfanin, wannan tebur ya tura mu wancan. Kofur ya fara kumbura, na ga baki na motsi, sai na taka masa ƙafa na shige gaba. Na sami wani tsohon akawu mai furfura, na yi masa bayani da Ibon da na koya wurin matan layinmu, inda ya ƙare na cike da Turancin buroka. Na ce masa aurena ne a ƙasan Kwara, ba inji ba. Ya yi dariya har da hawaye, ya kira sauran akawuna na sake musu labarin daga farko. Ya ce tun da yake aiki matattu ake kawo masa ya rubuta, yau ga wanda ya dawo. Ya buga mana hatimi, ya ce in an yi sallar a aiko masa da ƙafar rago.

Gobe za mu koma Inugu. Salla ta matso, har an fara sauke raguna a tasha. Kowane rago na gani sai gabana ya faɗi.

Ƙanwarki,
Haulatu.

Anaca,
29 ga Mayu, 1961.

Zuwa ga Yaya Baiwa,

Assalamu alaikum, barkanmu da salla. Ina fata kun yi layya lafiya, kuma Inna ba ta ci nama ya wuce ƙima ba. Ki tara su duka ki karanta musu wannan da ƙarfi.

Sai ranar jajibere Mista Udeze ya sami sukunin ganinmu. Ham ya yi ƙara, ribas ta ja, komai ya yi. Saura gwajin birki a gangaren Milikin, hanyar nan mai lanƙwasa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗayan. Doka ta ce sai mai dubawa yana cikin motar. Ya dubi gangaren, ya dubi bodin, ya ce shi 'ya'yansa shida, a bari mataimakinsa ya dawo hutu sati mai zuwa, shi gwauro ne.

Sati mai zuwa, Yaya! Ban san lokacin da na buɗe ƙofa na haye gadona na zauna ba. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, ni ma ina da 'ya'ya, kuma na fi ka sanin wanda ya haɗa ta.” Ya daɗe yana kallona. Sannan ya yi alamar nan tasu ta addu'a a goshi da ƙirji, ya shigo.

Muka gangara. Ina ta salati, shi ma yana ta nasa. Ana cikin gudu ya daki katako ya ce a tsaya. Kofur ya take birki da ƙarfin soja. Motar ta tsaya cak, mu ne ba mu tsaya ba. Na tsinci kaina a wuyan Mista Udeze, hularsa ta fita ta taga ta nufi ramin, ƙila tana tafiya har yanzu. Ya fito ya auna sawun tayoyin, ya ce motocin Ingila ma ba kowace ke tsayawa haka ba. Ya sa hannu. Da zai miƙo takardar, ni ya miƙa wa, ba Kofur ba.

Kafin la'asar an ba mu lamba, mai fenti ya rubuta, aka ɗaura gaba da baya. Muka kwana a Oka wurin masu shanu, da sassafe muka kama hanya. Muna hango Anaca daga tudun Nkpor, injin ya yi tari, ya yi atishawa, ya koma inda masunta suka samo shi. Kofur ya buɗe, ya taɓa nan ya taɓa can, shiru. Rana ta ɗaga, mun san an sauko daga Idi.

Ya tuɓe babbar rigar salla, ya ce in shiga in riƙe sitiyari shi zai tura. Na ce ban taɓa ba. Ya ce, “Ba wuya. In kin ga rami ki kauce, in kin ga Maikuɗi kada ki kauce.”

Hanyar gangara ce. Da farko yana turawa, can sai na ji ba nishinsa a baya. Na waiwaya, ga shi can yana gudu da singileti yana ɗaga hannu, motar ta bar shi. Haka na shigo unguwar Hausawa ni kaɗai, mayafi na tashi, kaji na watsewa, ban san wanne ne birki ba.

Ashe jama'a duk suna ƙofar gidan Liman. Kin san ba mai yanka sai ya yanka. Tabawa ta ce tun da aka sauko yake wasa wuƙa, ya gwada a farce ya ce ba ta yi ba, ya sake alwala, ya aika a canjo igiyar ragon. Unguwa guda na jin yunwa, ba wanda ya isa ya ce uffan. Sai ga ni na nufo su gadan-gadan. Daga nesa na jiyo muryar Kofur yana ihu, “Na tsakiya! Na tsakiya!” Na rufe ido na take da ƙafa biyu. Da na buɗe, ragon Liman na shinshina fitilar motar.

Liman ya sa tabarau, ya duƙa gaban lambar, ya ce shi ajami ya sani, ina mai karatun boko? Ya waiga ya ce, “Maikuɗi, zo ka karanta wa Musulmi.” Maikuɗi ya karanta ƙasa-ƙasa. Liman ya ce kunnensa ya tsufa, a ƙara murya. Ya ƙara. Ya sa shi ya zagaya ya karanta ta baya ma, ko da bambanci. Sannan ya yi bisimilla ya kwantar da ragonsa.

A lokacin Kofur ya iso, ba takalmi ɗaya. Ya zube a gindin taya yana haki, jama'a na yi masa barka bai ji ba. Ya ɗago ya dube ni ta taga, idonsa ya cika da ruwa, wannan bakin da ya jawo mana duk wahalar nan ya buɗe ya rufe. Da ƙyar ya ce, “Sannu da hanya, direba.”

Ga soyayyen nama nan na ba wani Idi mai zuwa Kano ya kawo muku. Ki ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, ina nan ɗakina daram. A tabarma nake kwana, amma a ɗakina.

Allah ya bar zumunci.

Taki ƙanwa har kullum,
Haulatu.