Kunun da Na Dama Ba Suga

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙauna,

Gaisuwa da ladabi daga Ajilari zuwa inda kike hutawa. Gida lafiya, zafin Maiduguri ma yana nan yadda kika bar shi.

Mama, likita ya auna ni. Ya ce ƙiba ta yi mini yawa, ciwon sugan da ya ɗauke ki kuma ya fara leƙo ni. Ban yi kuka ba, haushi na ji.

Tun ranar autanki Bitrus ya hana wayata sakat. Da safe ya turo binciken masana da ya ce 'yan ƙwayoyin zaƙin nan da ake sa wa shayi maimakon suga suna rage ƙiba. Kafin yamma ya turo wani da ya ce masu shansu ma sun fi ƙiba. Wasu kuma suka ce ai dama masu ƙibar ne ke sayensu. Kowa da hujjarsa, aka bar ni riƙe da kofi.

Sai na tuna ki. Ki jefa ƙwayar a kunun gyaɗa, ki juya, ki ce, "To, na bi dokar likita." Sannan ki jawo farantin sinasir ki share shi tas. A wurinki ƙwayar nan lasisi ce, mu kuma muna ta dariya.

Ban san wanda ya fi gaskiya cikin masanan ba, kuma ba zan zauna jiran su shirya ba. Harshena ne ya saba da zaƙi, shi zan yaye.

Kin san al'adarmu a zumuntar mata: mai masauki ce ke zuba wa baƙuwa suga da hannunta, yawan cokali yawan ƙauna. Ke ma cewa kike, "Kunu ba zaƙi rowa ce." Ranar da taro ya zagayo gidana, na dama kunu da tsamiya kawai, na ajiye suga a gefe, mai so ta ɗiba. Da kin ga fuskoki, Mama. Har yau ana gulmata a coci, wai ni malamar makaranta na koyi maƙo, wai ramar da na fara yi maigidana ne ba ya cefane. Su yi ta faɗa, bakinsu ne zai gaji.

Ga dalilin taurin kaina. Rahila, jikarki da ba ki gani ba, tana da ciki. Lokacin da na haife ta maƙwabciya ce ta yi mini wankan jego, ina kuka ana zaton zafin ruwan ne. Kewarki ce, Mama. Rahila ba za ta yi wannan kukan ba. Ni zan dafa ruwan, ni zan riƙe ganyen.

Allah ya ƙara miki hutu a gabansa, ni kuma ya ja kwanana in yi wa 'yata abin da kika so yi mini. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Saratu