Siririya da Mai Kumatu

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, da fatan kana lafiya, kai da Yaya da yaranta. Ya ciwon bayan, ya fama da garin katako? Ni lafiya lau, sai kewar gida.

Za ka ga wannan wasiƙar ba da biro na rubuta ta ba. Na gaji da manyan haruffana na 'yar aji ɗaya. A makarantar zanen nan mun shiga darasin haruffa. Ashe, Baba, duk harafin da ake bugawa wani ne ya zauna ya fitar da shi, kamar yadda kake fitar da ƙafar kujera. Salo iri-iri ne cike da kwamfuta, ni kuwa na kamu da son wata da muke kira Siririya. Jikinta kamar zare, kowane harafi da ɗan takalminsa a ƙasa. Da ita na buga maka wannan, ƙanana, da tawada ruwan toka, don malaminmu ya ce baƙi ƙirin ihu ne a kan takarda.

Akwai kuma wanda duk ajin muka tsana, Mai Kumatu. Haruffansa a kumbure, a karkace, kamar yaro ya cika baki. Kada ka ji haushi, da shi aka buga allon shagonka. Duk kyan aikin hannunka, allon nan ya mai da shagon kamar gidan renon yara. Ina gama makaranta, da hannuna zan sauke shi.

Ina jiran amsarka kamar kullum, ko a bayan takardar awo ce.

Autarka

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Na rubuto ne don a waya ba kya ba ni abin da ya wuce Baba lafiyarsa ƙalau, yara na jan zanenki, sai ki kashe.

Tun farkon zangon nan nake aika wa Baba wasiƙu, ko layi ɗaya bai dawo ba. Kin san tun da ƙarar injin yankan katako ta cinye masa kunne ya bar waya, takarda ce bakinmu ni da shi. Mutumin da ke amsa mini da fensirin kafinta, har da zanen kyanwar shago a ƙasa, shi ne ya yi ɗif.

Na san abin da na yi. Allonsa na kushe. Sai da wasiƙar ta tafi na tuna Mama ce, Allah ya jiƙanta, ta je aka buga shi, ita ta zaɓi haruffan, wai murmushi suke yi. Bakina dai, Yaya, kin san shi. Na ba shi haƙuri a wasiƙar da ta biyo baya, na sake a ta bayanta, na zauna na daidaita tazarar haruffan har takardar ta fito tsaf. Shiru.

Na kasa aiki. Aikin ƙarshen zango na jirana, ni kuwa ina gaban kwamfuta ina tura harafi ɗaya gaba, ina dawo da shi. A hanya ma ban tsira ba. Kantin magani Mai Kumatu, motar makarantar yara Mai Kumatu, duk inda na gan shi gabana sai ya faɗi.

Don Allah ki je shagon ki zauna, ki yi kamar hira ta kai ki. Kada ki tambaye shi kai tsaye, zai ce ba komai. In fushi ne ki gaya mini. In kuma wani abu ne, shi ma ki gaya mini, kada ki rufe ni saboda jarrabawa.

Ƙanwarki, Auta

Babana,

Assalamu alaikum. Da fatan ka tashi lafiya. Ka ga haruffa manya, baƙaƙe, masu kumatu. Ni ce dai, Autarka.

Yaya ta gaya mini komai, kada ka yi mata faɗa. Ta ce ta tarar da kai a bakin ƙofa, cikin rana, da wasiƙata a hannu. Ka kai ta hanci, ka nisanta ta, sannan ka ninke. Sauran suna aljihun teburin aiki, gefensu ya yi baƙi da yatsunka. Ta ce abu kamar hayaƙi ya daɗe yana rufe maka ido, rubutun birona kana lalubawa, amma wannan mai kamar zare fari fat kake gani. Ka ƙi bayarwa a karanta maka, don kada maganar ta iso ni kafin in gama. Ta ce daga tsallaken titi allon shago kaɗai kake iya karantawa.

Na yi kuka, Baba. Kuma tsoro nake ji. Kunne ya riga ya tafi, in ido ya bi shi, ta ina zan same ka? Ga shi ta ce da yatsa kake neman layin awo, injin yana gudu.

Ina zuwa ranar Asabar, malami ya yarda. Yaya ta yi magana da likitan ido, ya ce mai yiwuwa yanar ido ce, kuma ana cire ta. Kafin nan, don Allah kada ka kunna injin.

Tsofaffin wasiƙun ka bar su inda suke, ba komai cikinsu sai surutuna. Allon ma ya zauna inda Mama ta sa shi.

Da firinta ta fara fito da wannan, shafi bayan shafi, 'yan ajinmu dariya suka yi ta yi, suna tambayar ko lafiya nake. Na sa ɗaya ta riƙe takardar, na ja da baya har bakin ƙofa, na runtse ido rabi, na ga ina karantawa. Amma idona ba naka ba ne.

In wannan ma ta yi maka ƙanana, kada ka ninke ta ka yi shiru. Ka ce wa Yaya ta gaya mini. Akwai girman da ya fi wannan.

Autarka